Annoba, Kuɗin Hayar Kanti da Inshorar Tsayawar Ciniki

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Bayan wata guda, watau ran 29 ga Maris, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yi wa jama'a jawabi, inda ya ba da umarnin hana fita a Jihar Legas da Jihar Ogun da Babban Birnin Tarayya Abuja. An kafa wannan umarni ne a kan dokar killace masu cuta ta 1926. Ba a soma sassauta shi ba sai ran 4 ga Mayu, a daidai lokacin da birnin Kano yake cikin nasa kullen. In ban da asibitoci da masu sayar da abinci da magani da gidajen mai da makamantansu, kantuna da ofisoshi da masana'antu masu yawa sun kasance a garƙame.

A cikin waɗannan makonni ciniki ya tsaya cik, amma kwanakin haya suna ta tafiya. Daga nan tambayoyi biyu suka taso wa 'yan kasuwa, a nan gida da sauran ƙasashen duniya. Ta farko: shin kamfanin inshora zai biya hasarar da rufe kanti ta jawo? Ta biyu: shin wajibi ne ɗan haya ya biya kuɗin watannin da hukuma ta hana shi buɗe wurin sana'arsa? An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan 'yan kasuwa da masu gidajen haya a kan waɗannan tambayoyi. Kotunan ƙasashe dabam dabam sun riga sun yi shari'a a kansu, kuma hukunce-hukuncensu sun nuna abu guda: amsar tana cikin takardu biyu da ɗan kasuwa ya sa wa hannu tun kafin cutar ta zo, watau takardar inshora da takardar yarjejeniyar haya.

Mece Ce Inshorar Tsayawar Ciniki?

Inshorar gobara, wadda yawancin 'yan kasuwa suka sani, tana biyan diyyar gini da kayan da suka ƙone. Amma bayan wuta ta mutu akwai wata hasara da ke biyo baya. Kanti yana rufe har a gama gyara, ciniki ba ya shigowa, ga albashin ma'aikata, ga kuɗin haya, ga bashin banki. Domin wannan hasara ta biyu aka fito da inshorar tsayawar ciniki, kuma bisa al'ada ana haɗa ta ne da inshorar gobara.

Alal misali, a ɗauka wani mai kanti yana cinikin Naira 3,000,000 a wata. A ciki, Naira 2,100,000 kuɗin sarin kaya ne, saura Naira 900,000. Daga wannan saura yake fitar da Naira 150,000 na haya, da Naira 250,000 na albashi, da Naira 100,000 na gadi da sauran hidimomi, ya tsira da ribar Naira 400,000. In gobara ta rufe kantin har wata 4, abin da ya rasa shi ne Naira 900,000 sau 4, watau Naira 3,600,000, wanda Naira 600,000 a cikinsa kuɗin haya ne. Wannan jimla ita ce inshorar tsayawar ciniki ke biya, bayan an cire duk abin da rufewar ta sa bai kashe ba. Ana biya ne har iyakar wa'adin da aka rubuta a takarda, wanda galibi wata 12 ne, kuma ana ƙiyasta hasarar daga littattafan ciniki na baya. Wanda ba ya ajiye lissafi ba shi da abin da zai kafa hujja da shi.

Akwai sharaɗi guda da ya kamata kowa ya lura da shi. A takardar da aka saba sayarwa, kamfani ba ya biyan hasarar ciniki sai in ta samo asali daga ɓarnar da ta sami ginin ko kayan da ke ciki, kamar gobara ko ambaliya ko guguwa. Annoba kuwa ba ta ƙone ƙofa, ba ta rushe bango. Kanti yana nan lafiya lau, kaya suna kan kanta, mutane ne aka hana zuwa. A kan wannan sharaɗi dubban masu neman diyya suka faɗi a 2020.

Dalilin Da Ya Sa Kamfanoni Ke Gudun Annoba

Inshora ta ginu ne a kan taimakon juna. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan kaɗan, kamfani ya tara, ya biya 'yan ƙalilan da masifa ta faɗa wa a cikin shekarar. Gobara tana cin kanti ɗaya ko kasuwa ɗaya, sauran dubbai suna nan suna zubi. Annoba kuwa tana rufe kowa a rana guda, a kowane gari. Lamarin ya yi kama da adashen da dukan masu zubi suka wayi gari kowa ya ce yau ce ranar kwasarsa.

Kamfanonin sun ɗauki darasi tun daga cutar numfashi ta SARS wadda ta ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen 2002, ta kama mutum kimanin 8,000 kafin a shawo kanta a 2003. Baƙi suka ƙaurace wa otal-otal na Hong Kong, har kamfanin otal na Mandarin Oriental ya karɓi diyyar Dala miliyan 16 daga masu inshorarsa. A 2006 ƙungiyar da ke tsara wa kamfanonin inshorar Amurka kalmomin takardunsu ta fito da wata togaciya wadda ta fitar da duk hasarar da ƙwayar cuta ta haddasa. Saboda wannan togaciya, da kuma sharaɗin ɓarnar gini, yawancin kotunan Amurka sun ba kamfanonin inshora gaskiya a shari'o'in korona.

Duk da haka, akwai takardun da aka yi wa ƙarin sharaɗi, wanda ɗan kasuwa kan biya ƙarin kuɗi a kansa. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko sharaɗin cuta, wanda ya yi alkawarin biya in wata cuta daga cikin waɗanda doka ta wajabta a sanar da hukuma ta ɓulla a wurin sana'a ko a kewayensa. Na biyu sharaɗin hana shiga, wanda ya yi alkawarin biya in hukuma ta hana mutum shiga wurin sana'arsa. Masu irin waɗannan takardu su ne suka sami ƙafar tsayawa a gaban alƙali.

Shari'ar Gwaji Ta Ingila

A Ingila an umarci gidajen abinci da wuraren shaƙatawa su rufe ran 20 ga Maris 2020, kulle na gaba ɗaya ya biyo baya ran 23 ga wata. Kamfanonin inshora suka ƙi biya, har ga waɗanda ke da sharaɗin cuta. Hujjarsu ita ce an yi sharaɗin ne domin cutar da ta ɓulla a unguwa ɗaya. Suka ce ko da babu majinyaci ko ɗaya a kusa da kantin, da gwamnati ta rufe shi saboda cutar da ta game ƙasa, don haka majinyacin kusa ba shi ne sanadin hasarar ba.

Ganin ƙananan 'yan kasuwa ba su da ƙarfin yin shari'a ɗaya bayan ɗaya, sai hukumar da ke lura da harkokin kuɗi ta ƙasar, wadda ake kira FCA, ta shigar da ƙara a madadinsu. Ta zaɓi samfurin takardu 21 na kamfanoni 8, ta kuma ƙiyasta cewa hukuncin zai shafi masu inshora kimanin 370,000. Babbar Kotu ta yanke hukunci ran 15 ga Satumba 2020, aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke nata ran 15 ga Janairu 2021. Kotun Ƙoli ta ce kowane mutum da ya kamu da cutar, a ko'ina yake a ƙasar, yana cikin dalilan da suka sa gwamnati ta kafa kulle, kuma babu wanda ya fi wani nauyi. Saboda haka, in takarda ta ambaci tazarar mil 25 ko mil 1, ya isa mai kanti ya nuna cewa an sami majinyaci ko da ɗaya a cikin wannan tazara. Kafin ƙarshen 2021 kamfanonin sun biya fiye da Fam miliyan 1,000. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Haka ta faru a Afirka ta Kudu. Wani gidan abinci na birnin Cape Town mai suna Cafe Chameleon ya kai ƙarar kamfanin Guardrisk, domin takardarsa ta ambaci cutar da ta ɓulla a cikin tazarar kilomita 50. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ba gidan abincin gaskiya ran 17 ga Disamba 2020.

Kada a ɗauka kowa ya yi nasara. Wani otal a arewacin Ingila mai suna Rockliffe Hall yana da sharaɗin cuta, amma takardarsa ta jera sunayen cututtuka 34 ɗaya bayan ɗaya, kuma korona, kasancewarta sabuwar cuta, ba ta cikinsu. A watan Fabrairu 2021 kotu ta kori ƙararsa. Bambancin da ke tsakaninsa da waɗanda suka karɓi diyya 'yan kalmomi ne kawai: takardarsu ta ce kowace cuta da doka ta wajabta a sanar, tasa kuwa ta tsaya a kan jerin sunaye.

Kuɗin Haya A Lokacin Kulle

Ta fuskar haya, 'yan kasuwa sun fi shan kaye. A Ingila wasu manyan 'yan haya, ciki har da kamfanin gidajen silima na Cine-UK, sun ƙi biyan hayar watannin kulle. Takardar hayarsu ta ce za a dakatar da haya in wurin ya lalace har ba a iya amfani da shi, kuma su ne suke biyan kuɗin inshorar da mai ginin ya yi a kan hasarar haya. Suka ce to mai gini ya je ya karɓa a wurin kamfanin inshora. Babbar Kotu a watan Afrilu 2021, da Kotun Ɗaukaka Ƙara a watan Yuli 2022, duk sun ƙi wannan hujja. Sun ce lalacewar da takarda ke nufi ita ce ta jikin gini, kuma tun da ginin bai lalace ba haya ba ta dakata ba, tun da kuwa haya ba ta dakata ba mai gini bai yi hasarar da inshora za ta biya ba. Bashin yana nan a wuyan ɗan haya.

Sauƙin da 'yan hayar Ingila suka samu daga majalisar dokoki ya fito. Tun daga ƙarshen Maris 2020 aka hana mai gini ƙwace wurin kasuwanci saboda bashin haya, aka yi ta tsawaita hanin har zuwa Maris 2022. Sannan aka kafa wata doka wadda ta ba masu gini da 'yan haya wata 6 su kai maganar bashin kulle gaban mai sasantawa, wanda ke da ikon ya rage bashin, ko ya yafe shi, ko ya raba biyansa har tsawon wata 24. Hanin ya jinkirta kora ne kawai, bashi kuwa ya ci gaba da taruwa.

A Jamus kotun ƙolin tarayya ta bi wata hanya. Ran 12 ga Janairu 2022, a shari'ar wani reshe na kantin tufafi na KiK, ta ce ɗan haya yana iya neman ragi, domin tushen da aka gina yarjejeniyar a kansa ya sauya. Amma ta ƙi amincewa da a raba hayar biyu ga kowa da kowa. Ta ce a duba kowane kanti da halinsa: nawa cinikinsa ya faɗi, wane tallafi ya samu daga gwamnati, kuma wace diyya ya karɓa daga inshora.

Matsayin Al'amarin A Nijeriya

Ƙa'idojin kulle da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2020 sun umarci a rufe wuraren sana'a, sun kuma ɗaga wa masu cin wasu basussukan gwamnati ƙafa na wata 3, amma ba su yafe wa kowa kuɗin hayar kanti ba. Taimakon da ya biyo baya, kamar rancen Naira miliyan 50,000 da Babban Bankin Nijeriya ya ware wa magidanta da ƙananan masana'antu a watan Maris 2020, bai shafi yarjejeniyar da ke tsakanin mai gida da ɗan haya ba.

Har ila yau akwai al'adar da ta bambanta ƙasar nan da Turai. A can ana biyan hayar kanti ne wata wata ko bayan wata 3. A nan galibi kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya tun kafin a shiga. Saboda haka matsalar takan zo ta fuska biyu: wanda ya riga ya biya yana ganin an ci masa watannin da bai mora ba, wanda kuma shekararsa ta cika a tsakiyar kulle ba shi da abin sabuntawa.

Dokar Nijeriya ta san da cewa yarjejeniya tana iya rushewa in wani abu da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu ya hana cika ta. A 1978, a shari'ar Araka da kamfanin gine-gine na Monier, Kotun Ƙoli ta ce wannan ƙa'ida tana iya shafar haya. Kamfanin ya kama hayar gida ne a Fatakwal domin ma'aikacinsa ɗan ƙasar waje, sai rikicin da ya zama yaƙin basasa ya taso a 1967, aka umarci baƙi su fice. Kotu ta ce yarjejeniyar ta rushe. To amma ƙofar nan ƙunci gare ta. A ƙarshen 1980 kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ta duba maganar wani sito a garin Hull wanda aka kama hayarsa ta shekara 10, hukuma ta toshe hanya ɗaya tak da ke kaiwa gare shi har kimanin wata 20. Kotu ta ce wata 20 a cikin shekara 10 bai isa ya rusa yarjejeniya ba. Abin da alƙali ke aunawa shi ne tsawon hanin a kan tsawon hayar. Kullen mako 5 a cikin hayar shekara guda ko biyu da wuya ya kai wannan mizani. Ban da haka, in yarjejeniya ta rushe to ta ƙare ke nan, ɗan haya ya rasa kantin, alhali yawanci rangwame yake nema.

Shi ma mai gida doka ta yi masa iyaka. Bashin haya bai ba shi ikon ya ɗaura kwaɗo a ƙofa, ko ya cire rufi, ko ya watso kaya waje ba. Sai ya ba da notis, ya kai ƙara, kotu ta ba shi izini. Dokokin haya na jihohi ne, kuma sun ɗan bambanta. A Abuja da Legas, in takarda ba ta ambaci wani wa'adi ba, ɗan hayar shekara yana da notis na wata 6, ɗan hayar wata yana da na wata 1, sannan a ƙara notis na kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa yana iya wayar gari shi ne ake bi diyya.

Abin Da Ya Kamata A Yi Tun Yanzu

Cutar korona ba ita ce ta farko ba. A 2014 cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, ta kama mutum 20, ta kashe 8, kafin a tabbatar da kawar da ita ran 20 ga Oktoba. Ba a kiwon kare ranar farauta. Ana jan hankalin 'yan kasuwa da masu gidajen haya ga waɗannan matakai:

1. Mai inshora ya ɗauko takardarsa ya duba ko tana ɗauke da inshorar tsayawar ciniki, domin inshorar gobara kaɗai ba ta biyan hasarar ciniki.

2. Ya tambayi kamfani ko dillalin inshora a rubuce: in hukuma ta rufe wurin saboda cuta, za a biya? Ya ajiye amsar da aka ba shi a rubuce. Bayan 2020 kamfanoni da yawa sun sake tsara takardunsu, sun fitar da cututtuka masu yaɗuwa ƙarara.

3. In akwai sharaɗin cuta, ya duba ko jerin sunaye ne ko kuwa kowace cuta da doka ta wajabta a sanar. Ya duba tazarar da aka ambata, da iyakar kuɗin da za a biya, da tsawon wa'adin biya. Masu mu'amala da inshorar takaful su ma su yi wannan bincike, domin a can ma abin da aka rubuta shi ne abin da ake biya.

4. Ya tabbatar an lissafa kuɗin haya da albashi a cikin jimlar da ya yi wa inshora, kuma ya biya kuɗin inshorar a kan kari. Tun daga ran 1 ga Janairu 2013 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta tsananta ƙa'idar cewa wanda bai biya ba ba shi da inshora.

5. Ya riƙa ajiye littafin ciniki da rasit da takardun banki. In hasara ta auku ya sanar da kamfani nan da nan, cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade. In kamfani ya ƙi biya ba tare da hujja ba, ana iya kai kuka ga NAICOM kafin a je kotu.

6. Lokacin ƙulla haya ko sabunta ta, a rubuta yarjejeniya, a kuma sa sharaɗi a kan abin da zai faru in hukuma ta rufe wurin: ko a rage hayar, ko a jinkirta biya, ko a ƙara wa ɗan haya kwanakin da ya rasa a ƙarshen wa'adi. A ambaci annoba da umarnin hukuma da sunansu. Yana da kyau lauya ya duba takardar kafin a sa hannu.

7. In kulle ya riga ya zo babu irin wannan sharaɗi, ɗan haya kada ya ɓuya wa mai gida. Ya je da lissafinsa a hannu su zauna, in da hali a gaban shugabannin ƙungiyar kasuwa. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, da kwanan wata da sa hannun shaidu, a kuma bayyana ko yafewa ce ko jinkiri, domin a kan wannan ne rigima ta fi tasowa daga baya.

Mai gida shi ma yana da iyali da ɗawainiya, wani ma da kuɗin hayar yake ci. Kantin da ya zauna babu kowa a ciki ba ya kawo masa ko kwabo, shari'a kuma tana cin kuɗi da lokaci. Saboda haka sulhu yakan fi wa kowane ɓangare alheri. Amma sulhun da ya fi sauƙi shi ne wanda aka rubuta tun ana zaman lafiya, lokacin da kanti yake buɗe kuma babu wanda ke bin wani bashi. Kowane ɗan kasuwa ya nemi takardun nan biyu, ya karanta su ko ya sa a karanta masa, ya gyara abin da ke bukatar gyara kafin ranar sabuntawa ta gaba.